Alhaji ya ce in bar fasfo ɗina a wajen masu hayar mota a Dubai

Saƙon wannan satin daga wani ƙanenmu ne a Marwa ta Kamaru, na ɗan rage shi saboda tsawo:

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 27, ina tsaye a shagon kawuna Alhaji, kayan gyaran mota muke sayarwa. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zai tafi da ni Dubai karo na farko, ta Kusiri za mu bi mu tashi a Njamena. Alhaji ya ce wannan karon ba zai ƙara zuba wa 'yan taksi kuɗinsa ba, mota za mu ɗauka haya kwana 10 ni in riƙa ja tunda ina da permi, wato lasisin tuƙi. Wani yaro ɗan garinmu da ke zaune can ya samo mana wani ƙaramin ofishin hayar mota a unguwar Deira, sun ce kosiyon, wato kuɗin ajiyar da suke riƙewa, dirhami 1,500 ne a kan katin banki, amma in ba mu da kati ba matsala, in bar fasfo ɗina a wajensu sai ranar da muka maido mota. Alhaji ya ce hakan ya yi, ai shi ma a Hajji an sha karɓar fasfonsa ba abin da ya faru. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma shi ya biya min fasfon da biza da tikiti, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ina jin nauyin in ce masa a'a. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta, shi kuma Alhaji Allah ya saka masa da alheri, ba kowane kawu ne ke ɗaukar ɗan 'yar'uwarsa ya sa a shago har ya kai shi Dubai ba.

Amma maganar fasfo kam, a'a. Kar ka bari. Ba kwana 10 ba, ko na wuni ɗaya kar ka bari, kuma wannan rashin kwanciyar hankalin da kake ji kar ka ɗauka ƙauyanci ne ko tsoron wanda bai taɓa hawa jirgi ba, gaskiya zuciyarka ke gaya maka.

Bari in fara da abun da mu duka muka tashi muka sani, jingina. Addininmu bai hana ta ba, a ƙarshen Suratul Baƙara ma, aya ta 283, maganar matafiyi aka yi kai tsaye, cewa in kuna kan tafiya ba ku samu marubuci ba to a riƙe jingina a hannu. Sai dai ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi me ake jinginarwa, zai ce maka abun da in bashi ya gagara za a iya sayarwa a fitar da haƙƙin mai haƙƙi. Gona, zinariya, babur, keken ɗinki. To yanzu ka tambayi kanka, in ka fasa musu mota, fasfonka za su kai kasuwa su sayar su gyara ta? Ba shi da wani amfani a wajensu ko na dala. Amfaninsa guda ne tak, ba za ka iya barin ƙasar ba sai sun ga dama. Kenan ba littafin suka riƙe ba, kai suka riƙe, kai ne jinginar, illa dai sun bar ka kana yawo a gari kana biyan kuɗin otel ɗinka da kanka.

Sannan fasfon ma ba naka ba ne balle ka jinginar, kuma ba na Alhaji ba ne duk da shi ya biya. Kayan gwamnatin da ta ba ka ne, amana ce a hannunka, ƙasashe da yawa har rubuta hakan suke a cikin littafin. 'Yan'uwanmu na Cadi da ke karanta wannan, ku ma haka naku yake. A can Imarat ɗin ma, ƙasar da Dubai take ciki, hukumomi sun sha nanatawa cewa ba wanda ke da ikon riƙe fasfon wani, ko maigidan aiki ne ko mai hayar mota, sai in kotu ko hukuma ce ta ba da umarni. To ofishin da tun kafin ka sauka a ƙasar ya nuna maka bai damu da dokar ƙasarsa ba, me ka ke tsammani ranar da kuɗi ya shiga tsakaninku?

Na ga wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya kafin korona mun je da wani abokin kasuwanci ɗan Garwa, mutum mai wayo a kasuwa wanda ba a cutarsa a ciniki, shi ma irin wannan tayin aka yi masa ya bar fasfo ya ɗauki wata ƙaramar mota. Kwana takwas lafiya lau, har yana mana dariya mu da muke bin jirgin ƙasa. Ranar Alhamis da yamma ya je maido mota, jirginmu Juma'a da dare ne, yaron ofis ya zaga motar ya durƙusa ya nuna wani ƙarce a ƙasan bamba wanda sai ka kwanta a ƙasa kake ganinsa. Abokina ya rantse da shi ya same ta, aka ce ina hoto, babu. Aka ce kuma maigidan da ke da makullin akwatin da fasfon ke ciki ya tashi, kuma a lokacin Juma'a da Asabar ne hutunsu. Wallahi mutumin da ke iya kwashe awa biyu yana jayayya a kan sefa ɗari biyar a kasuwar Garwa, ranar ko tayi bai iya yi ba, abun da aka faɗa shi ya ƙirga ya bayar, sai ga makulli ya fito, ashe maigidan bai yi nisa ba. Ban ce ƙarya suka yi masa a kan ƙarcen ba, Allah ne masani, wataƙila shi ya goga a wani wajen fakin bai ji ba. Abun da nake nuna maka shi ne ba a ciniki da wanda wuƙa da nama ke hannunsa alhali jirginka saura awa 24.

Na san lissafin da Alhaji ya yi a ransa, don lissafin ɗan kasuwa ne kuma ni ma da fari haka zan yi. Fasfon Kamaru tun da aka kawo sabon nan a watan Yulin 2021 sefa 110,000 ne, shi kuma kosiyon dirhami 1,500 in ka juya shi a sefa ɗari da hamsin da wani abu kowane dirhami ya haura dubu 220, kuɗin da zai iya ƙara kaya da shi. To ai gara a ajiye abu mai arha. Kuskuren shi ne farashin littafin a Marwa daban, farashinsa a Deira ranar tafiya daban. Ka haɗa da canjin tikiti ko asararsa gaba ɗaya, da kuɗin otel da abinci na kwanakin da ba a yi niyya ba, da tarar wuce wa'adin biza wadda dirhami 50 ce kowace rana, da shagon da aka bari a gida, da Alhaji da ba zai iya tafiya ya bar ka ba don me zai je ya gaya wa innarka. Kuma a kwana goman nan kai baƙo ne mai bizar ziyara, ba ka da katin zama na ƙasar, fasfon nan shi kaɗai ne shaidarka, wajen canji za a tambaye ka shi, in kuka sauya otel za a tambaya, asibiti Allah ya kiyaye za a tambaya, ɗan sanda in ya tsayar da kai shi zai fara nema. Za ka ce masa yana wajen masu haya? In kuma ya ɓata a hannunsu, ko ofis ya rufe, ko an ba wani bisa kuskure, kai ne za ka yi ta zarya tsakanin 'yan sanda da konsila, wato ƙaramin ofishin jakadanci, da ofishin shige da fice kana neman lese-fase, takardar wucin gadi ta komawa gida, su ba ruwansu.

Yanzu don adalci, su ma masu motar ba hauka suke ba da suke neman abun riƙewa, kuma in ka gane tsoronsu za ka fi iya magana da su. A Dubai ba jandarma ke tare hanya ku yi magana ku rabu ba, kamara ce. Ba ta gaisuwa, ba ta san kai baƙo ba ne, lambar mota take ɗauka tarar ta tafi kan mai motar, wani lokacin sai bayan kwanaki take fitowa, lokacin kai kana Marwa kana shan shayi. Ga kuɗin hanya da suke kira Salik, babu shinge babu mai karɓa, kana wucewa ƙarƙashin ƙofar an cire, da dirhami 4 ne, daga ƙarshen Janairun 2025 ya koma 6 a lokutan cunkoso na safe da yamma, kuma hanyar da za ku fi bi daga Deira zuwa Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, wajen 'yan kayan gyara akwai ƙofar Mamzar a kanta, masu haya kuma yawanci suna ɗora nasu ɗan kuɗin a kan kowace wucewa. Wannan duk ƙarami ne. Babban shi ne jar wuta. Tararta dirhami 1,000, a tsare mota kwana 30, kuma tun Yulin 2023 a Dubai kafin a saki motar da ta tsallake jar wuta sai an biya dirhami 50,000, sama da sefa miliyan 7 kenan. Ka sake karantawa. Mu da muka saba in hanya ba kowa a leƙa dama da hagu a wuce, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Gudu ma haka, Dubai suna ɗaga ƙafa da kilomita 20 a kan abun da allo ya nuna, amma kana shiga yankin Abu Dabi babu wannan sassaucin tun 2018, abun da aka rubuta shi ne.

Ka ga kenan bambancin. In kuɗi ka ajiye, ka san iyakar abun da ke hannunsu, duk abun da ya wuce nan sai su bi hanyar doka su kawo shaida. In fasfo ne ba shi da iyaka, ko nawa aka ce shi ne kuɗinsa.

To me za ku yi? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Allah ya taimake ku kuna da wata guda.

Kati dai shi ne hanyar da aka sani. Gobe ka shiga bankin da Alhaji ke ajiya ka ce kana son katin Visa ko Mastercard da ke aiki a waje, kuma da sunanka, don kamfanoni da yawa suna son sunan da ke kan kati ya zama na wanda ya sa hannu a kontira, wato takardar yarjejeniyar haya. Ka sani yawancin katunan da bankunanmu ke bayarwa na cirar abun da ke cikin asusu ne ko wanda ake zuba wa kuɗi tukuna, ba katin bashi ba ne, manyan kamfanoni irin su Hertz da Avis da Europcar da Sixt da ke filin jirgi sun fi son na bashi, wasu rassan suna karɓar ɗayan wasu ba sa karɓa, saboda haka ka rubuta musu tun daga nan ka tambaya, amsar ta zo a rubuce ka ajiye. Ka gaya wa bankin ranakun tafiya kar su ga an taɓa kati a Dubai su toshe shi, ka kuma tambaye su maganar dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashenmu masu sefa na Afirka ta Tsakiya, wadda ta sa iyakar sefa miliyan 5 ga mutum a kowace tafiya a kan kati a wajen yankin waɗannan ƙasashen da ake kira CEMAC, abun da ya haura nan sai da takardun shaida. Ku da za ku sayo kaya wannan ya shafe ku ko da babu maganar mota.

In kati bai samu ba, kosiyon na tsabar kuɗi, da rasit mai hatimin kamfani, an rubuta adadin da ranar maidowa a cikin kontira. Sai dai nan akwai wani ƙulli da mutane ba sa gani sai a ƙarshe. Saboda tarar da ke zuwa a makare, ba a cika maido kosiyon a ranar da ka ba da makulli ba, hukumar kare masu saye ta Dubai a 2024 ta ba su har kwana 30 su saki kuɗin. Na kati da kansa yake sakuwa kana gida. Na hannu fa, wa zai karɓa bayan kun tafi? Ku yi wannan maganar kafin ka karɓi makulli, a rubuta ta, ko dai a duba tara a gabanka ranar maidowa a ba ku kuɗinku, ko a rubuta yadda za a turo da sunan wanda zai karɓa. In suka ce ai ba komai mu Musulmi ne 'yan'uwa, ka ce to ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta rubuta bashi.

Fasfo kuwa za su gani, wannan haƙƙinsu ne. Su duba, su ga hatimin shiga, su yi fotokopi ko su ɗauka a na'ura kana tsaye, su miƙo maka. Kar ya shiga ɗakin ciki kai kana waje, kar a ce ka je ka dawo da la'asar.

Akwai abun da ba ka ambata ba a saƙonka kuma shi ya fi damuna. Ka ce kana da permi. Na Kamaru ko? Shi kaɗai ba ya isar baƙo ya ɗauki motar haya a Imarat, akwai ƙasashen da aka yarda da nasu kai tsaye amma mu ba ma ciki, sai ka haɗa da permi na ƙasa da ƙasa, ɗan littafin nan da ke fassara naka, kuma tare ake riƙe su biyun, ɗaya ba ya aiki ba ɗaya. Ka je delegasiyon ta Transpor, wato ofishin ma'aikatar sufuri, ka tambayi yadda ake yinsa tun yanzu. Ka kuma tambayi yaron nan, shin ofishin sun nemi wannan? In ba su nema ba, fasfo kawai suka nema, to ka gane irin wajen da za a kai ku. Don ranar da aka yi hatsari kuma aka ga direba ba shi da takardar da ta halatta masa tuƙi, asirans, inshora inji 'yan Najeriya, za ta zame ta ce ba ruwanta, gyaran motarsu da na wanda ka buga duk ya dawo kanka, fasfonka kuma yana aljihun teburinsu. Ko da takardunka sun cika ma ka tambayi nawa ne kason da kai za ka biya daga aljihunka kafin asirans ta ɗauki saura, da kilomita nawa aka yarda ka yi a rana, da yadda za a maido mai. A nuna maka a takarda da yatsa, ba da baki ba.

Ranar ɗauka kar ka ji kunyar yaron ofis, ka kunna kamarar wayarka ka zaga motar a hankali yana tsaye, bamba gaba da baya har ƙasa, tayoyi da ƙarafunansu, gilashi, madubai, rufi, kujeru, allon mai da kilomita, kowane ƙarce a sa shi a takardar. Kai ɗan kayan gyara ne, ka fi ni sanin inda ake ɓoye ciwo a mota. Ka tura bidiyon a WhatsApp ga wani a gida don rana da lokaci su zauna. In aka goge ku ko kuka goga, komai ƙanƙantarsa, kar ku yi irin namu na a sasanta a gefen hanya, can sai da rahoton 'yan sanda gareji ke taɓa mota kuma asirans ke biya, 999 na gaggawa ne, 901 na abun da ba gaggawa ba. Ku maido motar kwana ɗaya cur kafin jirgi, da rana, ranar aiki, ka karɓi takardar cewa an karɓa lafiya. Ka tuna tun 2022 hutunsu ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni, Sharja kuma har Juma'ar suke haɗawa.

Amma tsakanina da kai, ni ban ga abun da za ku yi da mota kwana 10 ba. Wanda ya sauka a Deira ƙafarsa ce motarsa, Naif da Baniyas da kasuwar zinariya duk lunguna ne, wajen fakin na kuɗi ne kuma samunsa aiki ne, sai ka kwashe rabin awa kana zagaye Alhaji yana tsaye a rana yana jiranka. Jirgin ƙasan cikin gari, metro, yana aiki tun 2009, koren layi ya ratsa Deira, jan layi ya kai filin jirgi, katin Nol ɗaya ka zuba masa kuɗi ka hau shi ka hau bas. Inda mota ke da amfani shi ne ranakun Sharja, da Awir in za ku leƙa kasuwar motoci, da kasuwar Dragon Mart. Kwana nawa ne wannan? Uku, huɗu. A waɗannan ranakun ku ɗauki mota da direbanta daga kamfani mai rajista, ko ku kira Careem ko Uber, tara tasa, fakin nasa, ɓatan hanya nasa, kai kuma idonka yana kan kaya da farashi, wanda shi ne dalilin da ya sa aka kai ka. Karonka na farko ne, titi mai layi shida kowa yana gudu, ga waya tana maka magana, ga Alhaji a gefe yana cewa ai da can ta nan muke bi. Ka zauna da biro ka haɗa kuɗin haya da mai da Salik da fakin da permi, ka ajiye kusa da kuɗin metro da mota mai direba na kwana huɗu, ina zaton kai ma za ka yi mamaki.

Wannan takardar lissafin ita ce za ka kai wa Alhaji, don yanzu mun zo ainihin tambayarka, wadda ba ta mota ba ce, ta nauyi ce.

Kar ka je masa da "ba zan bayar ba". Dattijon da ya biya maka komai in ya ji wannan, abun da zai shiga kunnensa shi ne yaro ya fara girman kai tun bai hau jirgi ba. Kar kuma ka kuskura ka ce to a bar nasa fasfon mana, rashin kunya ne, kuma nasa ma bai kamata a bari ba. Kar ka yi maganar a shago gaban yara ko gaban abokansa. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka zauna ƙasa yadda ka saba, ka ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma, na bi diddigin maganar motar nan don kar mu je mu ji kunya. Ashe dokar can ta hana barin fasfo, kuma in suka riƙe ni a kan wata tara kayanka ne za su tsaya, tikitin da ka biya ne zai ƙone. Ga yadda na lissafa, in ka ga ya yi, in kuma akwai gyara ka gyara min." Ka ga ba ka ce a'a ba, dukiyarsa ka nuna masa kana karewa, kuma gaskiya ce ba dabara ba. Ka bar masa hukuncin ƙarshe a kan kati ko tsabar kuɗi ko mota mai direba, duk wanda ya zaɓa a ciki ya yi, shi ya yanke, girmansa yana nan.

In ya kawo maganar Hajji kar ka ƙaryata shi, gaskiya ya faɗa, shekara da shekaru ana karɓar fasfon alhazai in sun sauka a maido musu ranar komawa. Amma wannan tsari ne na hukuma, tsakanin gwamnatin Saudiyya da hukumomin alhazai na ƙasashe, ana ba alhaji wata shaida a madadinsa, akwai jagora, akwai inda za a kai kuka, kuma ba don ana binsa bashi aka karɓa ba. Wancan ajiya ce, wannan kamu ne. Ka faɗa masa a hankali, mutumin da ya yi shekaru a kasuwa zai gane da wuri fiye da yadda kake tsoro. In ya kafe, to ka bi ta wajen innarka, 'yar'uwarsa ce, akwai maganar da ita za ta faɗa masa a zauna lafiya wadda kai ba ka isa ba. Ko wani abokinsa da ya saba zuwa Dubai, irin waɗannan kowa a cikinsu yana da labari irin na abokina.

Shi kuma yaron nan ɗan garinku, kar ka ɓata da shi, kar ka kira shi macuci, mai yiwuwa taimako yake nufi, mai yiwuwa kuma akwai 'yar la'adarsa a ciki, wannan ba laifi ba ne haka ake rayuwa a can. Ka ce ya turo maka sunan kamfanin da hoton kontirarsu, ka ce ya gaya musu za ku ba da kosiyon na kuɗi da rasit amma fasfo ba ya kwana. Amsar da za su bayar ta ishe ka. In suka yarda, to a ci gaba da magana. In suka ce sai fasfo, masu hayar mota a Deira sun fi masu shayi yawa.

Na san akwai masu karanta wannan da tuni nasu yana hannun wani. In haka ne kar ka yi faɗa a ofis, kar ka ɗaga murya ko ka zagi kowa, can zagi kansa laifi ne da ke kai mutum gaban hukuma. Ka nemi fasfonka a rubuce ta saƙon waya don ya zama shaida, ka yi tayin ajiye kuɗi a madadinsa, in suka ƙi ka tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa da kontirarka da kwafin fasfon, ka sanar da konsila ko ambasad ɗin ƙasarku. In da gaske ana binka kuɗin gyara ko tara, bashi yana nan sai ka biya, amma wannan magana ce daban da ta fasfo, kuma sau da yawa da zarar sun ji an ambaci 'yan sanda makulli yake fitowa.

Kafin ku tashi ka yi fotokopi biyu na fasfo da biza da permi, ɗaya a jakarka ɗaya a ta Alhaji, hotonsu kuma a wayarka da ta wani a gida. Ka duba nasa fasfon ma, shekara 5 ne wa'adinsa kuma ana son ya rage aƙalla wata 6 ranar shiga, dattawa ba sa duba wannan sai a gaban kanta. Ranar tafiya ku kwana a Kusiri ku yi sammakon gadar Ngeli da ake tsallakawa zuwa Njamena, kar ku ce jirgin rana ne akwai lokaci. In kun dawo lafiya ka rubuto min yadda kuka ƙare da Alhaji, ina son in ji wanne ya zaɓa. A gaida inna.